Kallo ko Izina? Asabar da Lahadi a Tsoffin Fadojin Ingila

A shekarar 1838, shekara guda da hawanta gadon sarauta, Sarauniya Victoria ta ba da umarnin a buɗe fadar Hampton Court ga kowa da kowa, ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Fadar tana bakin kogin Thames, kudu maso yammacin Landan, kuma tun bayan Sarki George na 2 babu sarkin da ya sake kwana a cikinta. Abin da ya tayar da ƙura shi ne ranar Lahadi. A wancan zamani ɗan dako da leburan masana'anta da 'yar aikin gida ba su da ranar hutu sai ita, Hampton Court kuwa tana cikin 'yan wuraren da ƙofarsu ke buɗe a ranar. Jama'a suka yi ta tururuwa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso wurin a 1849. Limaman coci da dama suka ce sam, ranar ibada ce aka mayar ranar kallo. Ƙarfin wannan ra'ayi ya kai har manyan gidajen tarihi na Landan ba su fara buɗewa ranar Lahadi ba sai 1896.

Yau wannan gardama ta mutu a Ingila. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa, a karon farko, masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales ba su kai rabin jama'a ba. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895 don adana tsoffin gidaje da filaye, tana da mambobi fiye da miliyan 5, adadin da ya ninka na masu zuwa Cocin Ingila ranar Lahadi sau da yawa. Da safiyar Asabar jirgin da ya tashi daga tashar Waterloo yakan kai mutum Hampton Court cikin kamar minti 35, na Paddington kuma ya sauke shi Moreton-in-Marsh, bakin yankin Cotswolds, cikin kamar awa ɗaya da rabi. A cikin fasinjojin akwai Musulmi, har da ɗalibai da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasar Hausa da ke son shan iska bayan wahalar mako. A wurinsu tambayar tana nan da ranta: wanda ya ɓatar da kuɗi da yini guda yana zagaya gidajen sarakunan da suka shuɗe, me yake yi ke nan a wajen Allah?

Alƙur'ani ya yi kira a wurare fiye da goma da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. A Suratur Rum da Suratu Gafir an siffanta mutanen nan da cewa sun fi na baya ƙarfi, sun fi su gine-gine da barin alamomi, amma duk hakan bai tsare su da komai ba. Suratul Hajji ta ɗaura amfanin tafiyar a kan zuciya mai hankalta. Daga wannan fuska, tsayawa a gaban ginin mutanen farko abu ne da ake so.

Sai dai akwai labarin Hijir. A shekara ta 9 bayan Hijira, a hanyar Tabuka, rundunar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ratsa ta gidajen Samudawa da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga sai in suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗiba daga rijiyoyinsu. Ibnu Hajar, a sharhinsa na Bukhari, ya bayyana cewa kukan nan ɗan tunani ne: wanda ya wuce ta wurin bai yi tunanin da zai sa shi kuka ba, to ya yi kama da mutanen wurin wajen sakaci.

Hukuncin Hijir na wuraren da azaba ta sauka ne, kuma ba daidai ba ne a shimfiɗa shi a kan kowane tsohon gini. Babu nassin da ya ce Allah ya halaka mutanen Oxfordshire. Asalin tafiya halal ce, shaƙatawa ma halal ce, hadisin Hanzala ya nuna cewa zuciya tana da lokacin wa'azi tana da lokacin iyali da harkar duniya. Abin da ya rage daga Hijir, wanda ya shafi kowane wuri, shi ne ladabin kallo, wato mutum ya san a gaban me yake tsaye. A nan ne fadojin Ingila suke da wata wahala tasu ta daban.

Kufai yana yi wa mutum rabin aikin. Rufi ya rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida, ba sai an gaya wa kowa cewa masu gidan sun tafi ba. Fadojin Ingila kuwa ba a bar su sun zama kufai ba. Kowace safiya ana goge su, ana aske ciyawar lambu, ana ɗaura agogo. A Hampton Court akwai ranakun da ake hura wuta a madafar Sarki Henry na 8 a gasa nama yadda ake yi shekaru ɗari biyar da suka wuce, 'yan wasa kuma su sa tufafin fadawa su yi ta kai da kawo suna hira da baƙi. An tsara komai don mai ziyara ya ji kamar sarki ya ɗan fita farauta ne, yanzu zai dawo. A irin wannan wuri izina ba ta zuwa da kanta, sai an neme ta, sau da yawa ma a ɗan lungun da jagoran masu yawo yake wucewa da sauri.

Wanda ya fara gina Hampton Court ba sarki ba ne. Thomas Wolsey ne, ɗan garin Ipswich da ake cewa mahaifinsa mahauci ne, wanda ilmi da ƙwazo suka ɗaga har ya zama Kadinal kuma babban wazirin Henry. Ya karɓi filin a 1514, ya zuba dukiya ya yi gini na jan bulo da ya fi na sarkinsa kyau. Da ya kasa samo wa Henry yardar Paparoma ta rabuwa da matarsa Catherine ta Aragon, sai tauraronsa ya faɗi. Kafin 1529 ta ƙare fadar ta koma hannun sarki. A watan Nuwamba 1530 ana tafe da shi Landan don ya amsa tuhumar cin amanar ƙasa, ciwo ya kwantar da shi a Leicester, ya mutu a can. Baransa George Cavendish, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ruwaito cewa a kan gadon mutuwa ya yi nadamar yadda hidimar da ya yi wa Allah ba ta kai wadda ya yi wa sarki ba. Ya riga ya sa an sassaƙa masa akwatin kabari na baƙin dutse mai tsada. Henry ya ƙwace shi don kansa, shi ma bai shiga ba. A 1806 aka sa gawar Nelson, jarumin yaƙin ruwa, a ƙarƙashinsa a cocin St Paul. Ainihin gurbin kabarin Wolsey a Leicester ya ɓace.

A babban zauren fadar, inda aka rataye manyan dardumai na bango da aka saƙa a Brussels da zaren zinariya ɗauke da ƙissar Annabi Ibrahim, yawancin idanu sama suke kallo, wajen rufin katako mai ban mamaki. Amma a jikin katangar katakon da ke ƙofar shiga akwai wani ɗan sassaƙa da tafin hannu zai iya rufewa: harafin H da harafin A an sarƙe su da juna. Henry da Anne Boleyn ke nan, matar da ya rabu da cocin Roma saboda ita. A watan Mayu 1536 ya sa aka fille mata kai. Aka umarci masassaƙa su bi fadar su kankare sunanta duk inda yake, suka yi aikin cikin gaggawa, wannan ya tsere musu. Mutumin da ya tsaya minti biyu a gaban haruffan nan ya fi samun abin da ayoyin tafiya suke nufi a kan wanda ya zagaye ɗakuna hamsin yana ɗaukar hoto.

Blenheim, kusa da Oxford, ita kaɗai ce a Ingila ake kira fada alhali ba gidan sarki ko na babban limami ba ce. Tukuici ce da Sarauniya Anne da ƙasa suka yi wa John Churchill, Duke na Marlborough, saboda nasarar da ya yi kan Faransa a 1704 a wani ƙauyen Bavaria da ke bakin kogin Danube, inda dubban mutane suka mutu a yini ɗaya. An fara ginin a 1705. Kafin a yi nisa matarsa Sarah ta ɓata da sarauniya, kuɗin gwamnati ya tsaya a 1712, shi kuma shanyewar jiki ta same shi a 1716, ya mutu a 1722 ba a gama komai ba. Maginin, John Vanbrugh, ya bar aikin cikin fushi, kuma da ya zo da matarsa a 1725 don ya ga abin da ya zana, an tare shi a ƙofa bisa umarnin Sarah.

Rigimar da ta fi muhimmanci a tsakaninsu a kan kufai ce. Daura da sabon ginin, a hayin kwari, akwai ragowar tsohuwar fadar Woodstock, inda sarakunan Ingila suka zauna ɗaruruwan shekaru, inda kuma aka tsare Elizabeth ta 1 a 1554 tun kafin ta zama sarauniya. Yaƙin basasa ya lalata ta. A 1709 Vanbrugh ya rubuta takarda yana roƙon a bar ta, yana kafa hujja da cewa tsohon gini yana motsa tunanin mai kallo game da mutanen da suka zauna a cikinsa. Sarah ta ƙi, aka rushe. Yau wani ɗan dutse ne kawai yake nuna wurin. Da an saurari Vanbrugh, da duk wanda ya leƙa daga tagar Blenheim zai riƙa ganin abin da fada take komawa. Ko da Sarah tana da dalilanta na tsimin kuɗi, abin da aka kawar shi ne mafi gaskiyar abin da ke cikin filin.

Abin mamaki, bayan 'yan shekaru manyan Ingila suka shiga yayin gina kufai na ƙarya don ƙawata lambu. A Virginia Water, cikin dajin Windsor, akwai ginshiƙan dutse na Rumawa da aka kwaso daga Leptis Magna a gaɓar Libiya ta yau, aka jera su a shekarun 1820 kamar a nan suka rushe. Wanda ya shirya kwaso su shi ne Hanmer Warrington, ƙaramin jakadan Birtaniya a Tarabulus, mutumin da ta hannunsa tafiyar Turawa su Clapperton ta bi zuwa Barno da Sakkwato. Kufan wasu ya zama ado ke nan, ana kallonsa ba tare da ya taɓa zuciya ba.

Duk da haka Blenheim tana da amsarta a kusa. An haifi Winston Churchill a wani ƙaramin ɗaki na ƙasa a fadar ranar 30 ga Nuwamba 1874. Da ya mutu a 1965, bayan jana'izar ƙasa a Landan, an kai shi maƙabartar cocin ƙauyen Bladon, wadda ke bayan katangar filin fadar, tafiyar ƙafa ce ba mai nisa ba. Kabarin shimfiɗaɗɗen dutse ne mai suna da shekaru, kusa da na iyayensa. Ba a sayen tikiti don a gan shi. Motocin masu yawo da yawa ba sa tsayawa a nan, alhali ziyarar fadar ba ta cika ba sai da shi.

Akwai kuma izinar da ke cikin tikitin kansa. Harajin gado da aka ƙaƙaba a 1894, da yaƙin duniya biyu, da tsadar barori, sun karya gidajen manya. An rushe fiye da dubu a ƙarni na 20. Waɗanda suka tsira sun yi haka ne ta hanyar auren kuɗi ko buɗe ƙofa: Duke na 9 na Marlborough ya auri Consuelo Vanderbilt, 'yar attajirin jiragen ƙasa na Amurka, a 1895, auren da aka tilasta mata kuma bai ɗore ba, gidan Longleat ya fara karɓar masu biya a 1949, Blenheim a 1950. Jikokin mutanen da a da ba su isa su taka farfajiyar ba, su ne yau suke biyan kuɗin gyaran rufi. Ibnu Khaldun, wanda ya ƙiyasta wa daula tsawon rai na kamar zuriya uku, ya yi bayanin yadda jin daɗi ke cinye ƙarfin da ya kawo shi. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Ƙauyuka sun fi fadoji saurin sace zuciya, don haka sun fi bukatar a lura. A Bibury, a bakin rafin Coln, akwai jerin ƙananan gidaje na dutse mai launin zuma da ake kira Arlington Row. An gina su wajen 1380 a matsayin rumbun ulu na ruhubanawa, a ƙarni na 17 aka mayar da su gidajen masaƙa. Filin da ke gabansu nan ne ake shanya yadi bayan an wanke. Dalilin da ya sa ƙauyen ya tsaya yadda yake shi ne talauci. Da sana'ar saƙa ta ƙaura zuwa masana'antun arewacin Ingila, kuɗi ya bar Cotswolds, babu mai halin rushe tsohon gida ya gina sabo. Abin da ya kori matasan wancan zamani zuwa birni shi ne ya adana kyan da ake tsallako teku don a gani. Yau kuma farashin gidajen yankin ya fi ƙarfin yawancin 'ya'yan wurin, mazauna Bibury kuwa sun daɗe suna kuka da cunkoson manyan motoci da baƙin da ke leƙa musu taga. Haƙƙin maƙwabci da haramcin leƙen gidan mutane ba sa faɗuwa don gidan yana da kyau a hoto.

Wasu ƙauyukan ma kyansu daga zalunci ya fito kai tsaye. A Nuneham Courtenay, kudu da Oxford, Lord Harcourt ya tashi ƙauye ɗungurungum wajen 1760 saboda yana tare masa kallon kogi, ya jera wa mutanen sababbin gidaje a bakin titi. A Milton Abbas, a Dorset, Joseph Damer ya rushe gari mai kasuwa a shekarun 1770 saboda yana kusa da gidansa, ya gina layi biyu na fararen gidaje iri ɗaya masu rufin ciyawa a wani kwari da idonsa ba ya kaiwa. Wannan layi shi ne yau ake bugawa a katin gaisuwa.

A tsakiyar kusan kowane ƙauye akwai coci da ta fi ƙarfin yawan mutanensa. Ta Northleach attajiran ulu ne suka faɗaɗa ta a ƙarni na 15. A daɓen cocin an kafa faranta na tagulla masu hoton su, kowanne a tsaye da hannu haɗe yana addu'a, wasunsu ƙafa ɗaya a kan tunkiya, ɗaya a kan buhun ulu. Fatake ne da suka san daga ina arzikinsu ya fito, suka kuma ji tsoron hisabi, suka zuba dukiya a ɗakin ibada da fatan a riƙa yi musu addu'a bayan sun mutu. Musulmi ba ya tarayya da su a aƙida, amma ya san wannan tsoro sarai, ya san kuma wannan fata. Ganin irin waɗannan ɗakuna yau, da kujerun ɗaruruwan mutane da masu ibada 'yan ƙalilan, bai kamata ya jawo dariyar ƙeta ba. Tambayar da ta dace da mai masallaci ita ce yadda al'ummar da ta yi wannan gini ta wayi gari jikokinta suna shiga don kallo kawai, da kuma ko akwai abin da ya ba tasa al'ummar tabbacin tsira daga haka.

Kallon mutanen farko bai tsaya ga ƙarshen azzalumai ba, akwai na kirki da ake koyi da su. Ƙauyen Eyam, a tsaunukan Derbyshire, annoba ta shige shi a watan Satumba 1665 ta cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa wani tela daga Landan. Da ta tsananta a shekara ta gaba, limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya gada, Thomas Stanley, mutum biyu da suka saɓa a mazhaba, suka haɗa kai suka shawo kan jama'a kada kowa ya fita, don kada cutar ta kai garuruwan kewaye. Ana ajiye musu abinci a iyakar gari. Har yau akwai wani dutse a can mai ramuka da aka huda, inda suke zuba ruwan tsami su jefa kuɗin cinikin a ciki. Kimanin mutum 260 suka mutu, har da matar Mompesson. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta cikin kwana takwas. Duk wanda ya san abin da ya faru tsakanin Sayyidina Umar da Abu Ubaida lokacin annobar Sham, da hadisin da Abdurrahman ɗan Aufu ya kawo na hana shiga ƙasar annoba da hana fita daga cikinta, zai gane abin da mutanen Eyam suka yi, zai kuma girmama su.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta kuɗi. 'Yan mil kaɗan daga Moreton-in-Marsh, mai tafiya zai hango ƙubba ta tagulla da ƙananan hasumiyoyi a tsakiyar makiyayar tumaki, har ya yi zaton masallaci ne. Gidan Sezincote ne, wanda Charles Cockerell ya gina daga 1805 da salon sarakunan Mughal, da dukiyar da ya tara a Kamfanin Gabashin Indiya. A Dyrham Park, kusa da Bath, gidan William Blathwayt, jami'in da ke kula da kuɗin shigar yankunan mallaka a ƙarshen ƙarni na 17, akwai wasu matattarar kaya guda biyu da aka sassaƙa da siffar baƙaƙen mutane a durƙushe, da sarƙa a wuya da ƙafa, suna ɗauke da faranti a sama. Kayan ado ne na ɗakin baƙi. Gidan Harewood a Yorkshire, wanda Edwin Lascelles ya gina daga 1759, kuɗin rake da bayi na tsibiran Karebiyan ne. Da majalisa ta soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 diyya ga masu bayi, bayin kuwa ba a ba su komai ba.

A watan Satumba 2020 National Trust ta fitar da rahoto da ya lissafa wurare 93 daga cikin nata masu alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Wasu mambobi da 'yan majalisa suka fusata, suna cewa an ɓata musu wurin hutu da siyasa. Hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta duba, a 2021 ta ce ƙungiyar ba ta karya doka ba. Fushin nan ya tona abin da mutane da yawa suke saye da tikitinsu, wato yini guda na mantuwa.

To, ya halatta mutum ya ji daɗin kyan abin da aka gina da haram? Malaman usulu sun daɗe da wata mas'ala mai kama da wannan, ta salla a ƙasar ƙwace. Mafi yawansu sun ce sallar ta inganta amma zunubin ƙwacen yana nan, Hambalawa suka ce ba ta inganta ba. Abin lura shi ne babu ɗaya daga ɓangarorin da ya ce kyan salla yana wanke ƙwace. Haka ma a nan. Gwanintar magini da masassaƙi gaskiya ce, kuma su kansu talakawa ne da suka ci guminsu. Itacen da ya shekara ɗari uku da tafkin da ke gabansa halittar Allah ce, yaba su tasbihi ne. Babu laifi a ji daɗinsu. Laifin yana farawa daga lokacin da kyan ya sa mutum ya ji cewa mai gidan ya cancanci abin da ya samu, ko ya fara raina kansa da inda ya fito, ko zuciyarsa ta ce ina ma ni ne, kamar yadda mutanen Ƙaruna suka ce ranar da ya fito cikin adonsa. Wannan haɗari ya fi kusa da baƙon da ya zo daga ƙasar da aka taɓa mallaka, domin an gina gidajen nan ne tun asali don su cika ido su sa mai shigowa ya ji shi ƙarami ne, kuma har yanzu suna iya yin aikin.

Maganin abin shi ne sani, kuma wani sanin baƙo ne kaɗai yake zuwa da shi. A tsaunukan Surrey, kudu da Landan, akwai ƙauyen Abinger, mai tsohuwar coci da dazuzzukan da masu tattaki ke ratsawa ranar Lahadi zuwa tudun Leith Hill. Ga yawancinsu wuri ne na shan iska kawai. A nan Frederick Lugard ya yi shekarunsa na ƙarshe, a gidansa mai suna Little Parkhurst, a nan kuma ya mutu a watan Afrilu 1945. Sojojin da ke ƙarƙashin umarninsa ne suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda aka kashe shi a watan Yuli. Bakano ko Basakkwacen da ya bi ta Abinger yana ɗauke da rabin tarihin ƙauyen da mazaunansa da yawa ba su taɓa ji ba.

Magabata sun riga sun taka wannan hanya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Ingila tun 1921, Sarkin Musulmi Hassan da sarakunan Kano da Gwandu suka je a 1934, kuma masu masaukinsu sun tsara musu abin da za su gani don ƙarfin Birtaniya ya cika musu ido. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo ya je cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya kalli abin da aka nuna masa, ya yaba abin yabo. A tafiyar ya gana da Lugard, tsoho mai shekara 85, ya zayyana masa illolin tsarin mulkin da ya bari a Arewa, daga danniyar da ake yi wa talaka zuwa yadda ba a sauraron matasa masu ilmi, bayan ya dawo gida kuma ya ci gaba da aika masa wasiƙu a kan maganar.